Wai tusar shanu ce ke ɗumama duniya? Mu daina dariya tukuna mu yi magana

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa.

Kwanakin baya wani ɗan uwa ya turo mana wani guntun bidiyo a zaurenmu na WhatsApp, an rubuta a kansa wai "Turawa sun fara karɓar harajin tusar shanu." Kafin ka ce kwabo zaure ya kaure da dariya. Wani ya ce to saura ta mutane, wani ya ce ai in aka kawo wannan doka Arewa, masu cin ɗanwake sun shiga uku. Ni ma na dara, ba zan ɓoye muku ba. Sai can wani dattijo a cikinmu, wanda ya taso a gidan kiwo, ya yi magana da murya, ya ce shi bai ga abin dariya ba, makirci ne kawai ake ƙullawa don a raba Bafulatani da saniyarsa. Daga nan hira ta rabu gida biyu, masu dariya da masu fushi, kuma har aka watse babu wanda ya tambayi menene ainihin labarin.

Wannan shi ne abin da ya dame ni. Maganar nama da ɗumamar yanayi magana ce ta gaskiya, tana da lissafi, kuma ta fara taɓa aljihunmu da gonakinmu. Amma yadda kafafen yaɗa labarai ke kawo ta, na waje da na gida, ya sa mutum ko dai ya ɗauke ta wasa, ko ya ɗauke ta ƙiyayya. Duka biyun asara ce gare mu.

Bari mu fara da tusar. Saniya, tunkiya, akuya da raƙumi dabbobi ne masu tuƙa. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ke narkar da ciyawa, kuma a wajen wannan aikin ne ake samar da wata iska da ake kira mitan. Ita ce dai iskar da ke cikin CNG ɗin da ake ta tallata wa masu motoci yanzu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan iska ta baki take fita, wato gyatsa. Ashe tun daga kanun labarin an yi kuskure, amma da yake "tusa" ta fi "gyatsa" jan hankali, ita editoci ke zaɓa. Ita kuwa mitan ba abar rainawa ba ce. Ba ta daɗewa a sararin sama kamar iskar kabon, kusan shekara 12 take yi ta narke, amma a cikin shekara 20 na farko ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 80. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 32 cikin 100 na mitan da ɗan Adam ke haddasawa daga kiwo yake fitowa, harkar mai da gas da kwal kuma kusan kashi 35. A shekarar ne aka yi taron yanayi na Glasgo inda ƙasashe sama da 100, har da Najeriya, suka yi alkawarin haɗa hannu a rage mitan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Shi kuma harajin da aka yi wa dariya, ga asalinsa. A 2024 ƙasar Danmak ta amince cewa daga 2030 manomanta za su fara biyan haraji kan iskar da dabbobinsu ke fitarwa, kurona 300 a kan kowane tan, amma da rangwamen da zai mai da shi kurona 120 a zahiri. Danmak ƙasa ce da aladunta suka fi mutanenta yawa, kiwon can kiwon masana'anta ne. Niyu Zilan ta gwada irin wannan tun 2003, manoma suka yi zanga-zanga, su ne ma suka laƙaba masa sunan harajin tusa, gwamnati ta janye. Gwamnatin Jacinda Ardern ta sake ɗauko maganar a 2022, gwamnatin da ta biyo baya ta soke a 2024. Kun ga labari ne mai kai da ƙafa, na rikici tsakanin gwamnati da manoman da ke fitar da madara da nama zuwa kasuwannin duniya. Mu kuwa abin da ya iso mana kalma ɗaya ce kawai.

Yanzu mu zo kan alƙaluma, don a nan ne aka fi rikita mutane.

A 2006 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da wani babban rahoto da ya ce kiwo na da alhakin kashi 18 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, har ya fi sufuri. Jaridun duniya suka ɗauka: saniya ta fi mota illa. Bayan 'yan shekaru wani malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Frank Mitloehner, ya nuna cewa kwatancen bai yi adalci ba. A ɓangaren kiwo an lissafa komai tun daga sare daji, takin zamani, noman abincin dabbobi har zuwa kai nama kasuwa, a ɓangaren sufuri kuwa hayaƙin da ke fita daga salansa kawai aka ƙirga. Ɗaya daga cikin marubutan rahoton, Pierre Gerber, ya amsa cewa a wannan gaɓar malamin yana da gaskiya. Sai jaridu suka sake juyawa: ashe ƙarya ake wa nama. Alhali kuskuren a kwatancen yake, ba wai an gano shanu ba sa fitar da komai ba. A 2013 FAO ta sake lissafi ta ce kashi 14.5, wato kusan tan biliyan 7.1 a shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu ne. A 2023 ta fitar da sabon lissafi da ya ce kusan kashi 12.

A ɗaya gefen kuma, a 2009 wasu mutum biyu, Robert Goodland da Jeff Anhang, sun rubuta cewa ai kashi 51 ne. Sun kai ga wannan adadi ne ta hanyar saka har numfashin dabbobi a lissafi, abin da mafi yawan masana ba su yarda da shi ba. Amma wani fim da ya yi tashe a 2014, Cowspiracy, ya ɗauki 51 ɗin ya yaɗa shi duniya, har yau kana cin karo da shi a intanet. To mai karatu ya ji 18, ya ji 51, ya ji 14.5, ya ji 12, me kake so ya ce? Sai ya ce su ma ba su san abin da suke yi ba, ya ci gaba da harkarsa. Alhali in ka cire 51 ɗin, sauran duk abu ɗaya suke faɗa: cikin kowane kashi shida zuwa takwas na matsalar, kashi ɗaya daga kiwo ne. Ba shi ne babba ba, man fetur da kwal da gas su ne manya, amma ba ƙarami ba ne.

Akwai ƙarin wani abu game da malamin nan na Kalifoniya. A 2022 jaridar New York Times ta bayyana cewa cibiyar da yake jagoranta tana samun mafi yawan kuɗinta daga masana'antar kiwo. Wannan bai mai da gyaran da ya yi ƙarya ba, gyaran daidai ne. Amma ya kamata mai karatu ya san wa ke ɗaukar nauyin wanda ake ta gayyatowa ya yi sharhi. Haka nan in mai fafutikar hana cin nama ne ke magana, a gaya mana. Kowa da inda ya dosa.

Abin da ya fi yawa ma shi ne shiru. A 2023 wasu ƙungiyoyi biyu a Amurka, Faunalytics da Sentient Media, sun duba labarai 1,000 kan sauyin yanayi a manyan jaridun ƙasar, suka tarar kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai suka ambaci kiwo. Su ma ƙungiyoyin masu kare dabbobi ne, a riƙe wannan a zuciya, amma duk mai bibiyar labarai ya san haka abin yake. Hoton da ake sakawa kullum bututun masana'anta ne ko ƙanƙara na narkewa. Me ya sa? A ganina abu ne mai sauƙi. Ka ce wa mutum kamfanin mai ne mai laifi, zai gyaɗa kai. Ka ce masa abin da ke cikin kwanonsa yana ciki, ka taɓo shi. Ga kuma masu talla, ga 'yan siyasa masu neman ƙuri'ar manoma.

In kuma an daure an kawo labarin, sai a ce "saniya", kamar duk shanun duniya garke ɗaya ne. Nan ne inda maganar dattijon zaurenmu take da ƙamshin gaskiya.

A 2018 wasu masana biyu, Joseph Poore da Thomas Nemecek, sun tattara bayanan gonaki kusan 38,700 a ƙasashe 119. Sun gano cewa don samar da giram 100 na sinadarin gina jiki, naman shanu na fitar da kusan kilo 50 na iskar ɗumama, kaza kusan kilo 6, wake kuwa bai kai kilo 1 ba. Wannan shi ne abin da jaridu suka ɗauka, kuma gaskiya ne. Abin da ba su cika ɗauka ba shi ne, a cikin naman shanun kansa, wani ya ninka wani sau goma ko fiye, ya danganta da inda aka yi kiwon da yadda aka yi shi. Saniyar da aka sare dajin Amazon aka shuka mata ciyawa a Birazil daban, wadda aka turke a Amurka ana ɗura mata masara da waken soya daban, Bunajin da ke bin burtali tana cin karan dawa bayan girbi ita ma daban.

Sannan wa ke cin naman? Ba'amurke a matsakaicin lissafi yana cin sama da kilo 120 a shekara. Ɗan Najeriya bai kai kilo 10 ba. Ku da kanku kun san gidaje nawa ne a unguwarku ba sa ganin nama sosai sai da Babbar Sallah ko suna. Yaranmu da yawa matsalarsu rashin nama da ƙwai da madara ce, shi ya sa tsumburewa ta yi mana katutu a Arewa da kudancin Nijar. To in gidan rediyo ya ɗauko rahoton da aka rubuta don mutumin Landan ko Niyu Yok, mai cewa a rage cin nama, ya fassara shi kai tsaye ya karanta wa mutumin Gumel ko Tasawa, wallahi ya yi masa izgili ne bai sani ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa daga man fetur da masana'antu ba.

Su wa aka ɓoye a bayan kalmar "saniya"? A 2018 ƙungiyoyin GRAIN da IATP sun fitar da rahoto cewa manyan kamfanonin nama da madara guda biyar, JBS, Tyson, Cargill, Dairy Farmers of America da Fonterra, in aka haɗa iskar da harkarsu ke fitarwa ta fi ta ExxonMobil ko Shell ko BP. Kowa ya san sunan Shell. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin JBS kafin bara waccan?

Amma fa kada mu yi saurin wanke kanmu, don ni ban zo in yi mana daɗin baki ba. In aka auna da kilo, naman shanunmu na cikin masu fitar da iska da yawa a duniya. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa kiwo. Saniya ta yi ƙiba da damina, ta rame da rani, ta sake farawa daga farko. Sa yana ɗaukar shekara huɗu ko biyar kafin ya kai yanka, duk tsawon lokacin yana gyatsa. Ga cututtuka, ga mutuwar maruƙa, ga busasshiyar ciyawa mai wuyar narkewa. Abin da za a ce a kare ta shi ne, saniyarmu ba nama kawai take bayarwa ba. Tana ba da nono, tana ba da taki, shanun huɗa na jan garma da amalanke, kuma ita ce asusun talaka ranar da ciwo ko biki ya taso. In ka ɗora duk gyatsarta a kan naman kaɗai ka zalunce ta a lissafi. Kuma da yawan wuraren da take kiwo, ƙasa ce da ba ta noma.

Wani abin kuma, yawancin ma'aunin da ake amfani da shi a kan shanun Turai da Amurka aka gina shi. Sai a 'yan shekarun nan ne cibiyar Mazingira da ke ƙarƙashin cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a Nairobi ta fara auna shanun Afirka da kansu, kuma ta tarar a wasu fannoni, musamman iskar da ke tashi daga kashi da fitsarinsu a makiyaya, abin bai kai yadda ake ƙiyastawa ba. Wani bincike a yankin Ferlo na Senegal, ƙasar Fulani makiyaya, ya nuna in aka ɗauki yankin gaba ɗaya tsawon shekara, abin da dabbobi ke fitarwa kusan daidai yake da abin da ƙasa da itatuwa ke shanyewa. Yanki ɗaya ne, ba hujja ce ta ko'ina ba, amma irin labarin da ya kamata a ce gidajen rediyonmu na Hausa da Fulfulde sun yi shiri na musamman a kai. Ni dai ban ji ba.

To me ya sa nake wannan dogon surutu yanzu? Saboda maganar ta shigo gida. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiri ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. A Nuwamban shekarar gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da JBS, kamfanin nama mafi girma a duniya, ɗan ƙasar Birazil, kan zuba jarin dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida, uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na alade. Labaran da na gani a lokacin kusan duk adadin dalar suka riƙe, da ayyukan yi da za a samu. Ni ma ina son jari ya shigo, ina son matasanmu su samu aiki, ina son nama ya yi araha. Amma wannan kamfani an daɗe ana zarginsa a Birazil da sayen shanu daga gonakin da aka sare daji ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Fabrairun 2024 babbar lauyar jihar Niyu Yok, Letitia James, ta maka reshensa na Amurka a kotu bisa zargin yaudarar masu saye da alkawarin kawar da iskar ɗumama kafin 2040. Wannan ba sirri ba ne, yana nan a rubuce. Ɗan jaridar da ya san aikinsa zai tambaya: masara da waken soyan da za a ciyar da waɗannan kaji daga wace gona za su fito, kuma me hakan zai yi wa farashin masarar tuwo? Filin wa za a bayar? Ruwa fa? Ina za a zubar da ƙazantar mayanka? Makiyayi zai zama mai sayar wa kamfani ne ko za a ture shi gefe? Mahautan kwata da masu tsire da 'yan kilishi ina matsayinsu?

Tsorona shi ne kada wata rana a wayi gari ana amfani da kalmar sauyin yanayi a matsayin sanda. A ce kiwon gargajiya na lalata muhalli, a rufe burtali, a miƙa fili ga mai kuɗi da sunan kiwon zamani, alhali ba a auna komai ba. A ƙasar da rikicin manoma da makiyaya ya riga ya ci rayuka, kanun labari ɗaya na ganganci ya isa ya ƙara wa wuta fetur. Kuma in ana neman inda za a fara rage iskar ɗumama a Najeriya, ga gas nan ana ƙonawa dare da rana a Neja Delta. Dokar da ta hana hakan an yi ta tun 1979, wa'adinta ya fara aiki a 1984, amma har yau muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya. A fara da wannan tukuna.

Abin daɗin shi ne, gyaran da zai rage gyatsar shanunmu shi ne dai gyaran da makiyayi ke roƙo tun da daɗewa. Rigakafi a kan lokaci. Mashaya. Harawa da dusa da ajiyar ciyawa don rani, yadda dabba ba za ta zube ba. In sa ya kai yanka a shekara uku maimakon biyar, mai shi ya ci riba, iska ma ta ragu. Kashin da ke jibge a mayankanmu yana wari ana iya mai da shi gas na girki. A daina babbaka da tayar mota, wannan kam ko ba don yanayi ba, don huhunmu. Mu kuma 'yan birni masu ɗan hali, da ke cin nama safe da rana da dare har likita ya fara gargaɗi, ragewa ba za ta kashe mu ba.

Roƙona ga 'yan uwa 'yan jarida da masu shafuka, in labarin nama da yanayi ya zo hannunku, kafin ku fassara ku tambayi kanku saniyar wace ƙasa ake nufi, wa ya yi lissafin, wa ya biya kuɗinsa, kuma da me aka kwatanta. Ku nemi malaman kiwo a Shika ko Sakkwato ko Maiduguri su yi bayani, ku je ruga ku ji ta bakin mai shanu. Mu kuma masu turawa a zaure, mu riƙa buɗe labari kafin mu tura.

Na koma zauren namu na yi wa dattijon nan wannan bayani a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗana, in dai gyaran shi ne allura da ruwa da harawa, ka gaya musu mun yarda shanunmu na gyatsa, su kawo."

Masu kiwo da mahauta da ke cikinku, ina son jin yadda kuke ganin abin.